Jatau da Daɓen da Bai Bushe Ba

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, magini ne, ana ce masa Jatau. Bawan Allah, ba shi da komai sai cokalin gini da tsohon keke. Wani attajiri, Alhaji Mato, ya kira shi ya yi masa daɓen siminti a gareji, ya kuma shafe shi da fentin nan mai kauri da ke hana baƙin mai da ruwa cin daɓe.

Jatau ya zuba siminti ya lailaye, kwana bakwai yana ba shi ruwa safe da yamma. Rana ta takwas Alhaji ya ce a shafa fenti, sabuwar motarsa za ta iso ran Juma'a, abokai za su zo gani.

To ku saurara. Jatau bai yi musu ba. Ya shimfiɗa leda a kan daɓen, ya danne gefenta da bulo. Washegari ya ɗaga ta a gaban Alhaji, sai ga ƙasanta sharkaf da gumi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, cikinsa da sauran ruwa. In na rufe shi yanzu, fentin zai kumbura ya ɓare. A ba shi mako uku."

Alhaji ya ce, "Kai za ka koya mini yadda zan yi da gidana?"

A gaban maƙwabta ya zage shi, ya ce malalaci ne, ya sa aka watso masa kayan aikinsa waje. Mutum nawa ne a tsaye a wurin? Sun fi goma. Duk sun ga ledar nan da idonsu, amma ba wanda ya buɗe baki. Magana ta zaga gari, wata biyu cur ba wanda ya kira Jatau ko gyaran katanga. Gidansa aka koma cin abinci sau ɗaya.

Aka samo wani mai cewa "to", ya shafe daɓen a yini guda, yana ta ƙyalli. Kafin damina ta raba, fenti ya kumbura, taya ta kwashe shi falle-falle, mai ya kwanta a kai. Wata safiya mahaifiyar Alhaji ta zo shiga mota, santsi ya ɗebe ta, ƙugunta ya karye. Tsohuwar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Kuna tsammanin Alhaji ya je ya ba Jatau haƙuri? Direba ya aika ya kirawo shi. Direba, jama'a!

Jatau ya zo. Ya fara shiga ya gaida marar lafiya, sannan ya durƙusa kwana huɗu yana kankare aikin wani. Ya jira daɓe ya bushe, ya gauraya lallausan yashi cikin fentin don kada ƙafar kowa ta sake zamewa. Bai ce "ai na faɗa" ba ko sau ɗaya.

Jama'a, wanda ya gaya maka gaskiya a kan aikinka, amana ya riƙe maka, wulaƙanta shi zalunci ne, yin shiru a wurin kuma tarayya ce cikin zaluncin. Ku da kuke korar mai gaskiya ku ɗauko mai daɗin baki, sannan ku zauna kuna cewa ma'aikata sun lalace, ku kuka lalata su. A cikinku akwai wanda ya san maginin da ya zaga, ko telan, ko makanikin. Ya san gidansa. Ya taka da ƙafarsa ya nemi gafara, kada ya aika direba.