Dainoso Mai Gashin Zabo

Akwai wani malamin kimiyya a Bagudo ana ce masa Malam Sufyan. Yana da ƙoƙari, wannan ba za a hana shi ba. Matsalarsa ɗaya ce: in ya karanta abu a waya da safe, kafin azahar ya fi wanda ya rubuta shi sani.

Da aka sa ranar baje-kolin kimiyya na makarantun yankin, sai ya je ya ari wani mutum-mutumin roba a wurin Madam Ijeamaka mai shagon magani. Siffar dainoso ce, irin manyan dabbobin nan da suka ƙare a duniya tun zamanin da, mai ƙaho uku, girmansa kamar ɗan akuya sabon haihuwa.

Marigayi mijinta ne ya sayo shi a Kwatano, gunduwa-gunduwa a cikin kwali, ya shigo da shi ta iyakar Tsamiya. Da hannunsa ya harhaɗa shi da gam, ya rasu bai samu yi masa fenti ba. Madam ta ce ta yarda a shafa masa launi, amma a dawo mata da abinta yadda yake. Malam ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ya kai wa Baba Oladipo mai fentin alluna, wanda ya shekara talatin a garin, Hausar Kabi a bakinsa kamar a Kaoje aka haife shi. Baba ya jujjuya robar, ya yaba wa wanda ya zana ta. Duk jikin ɓawo-ɓawo ne irin na bayan kada, kowane ɗaya an fitar da shi. A gadon bayan kuma ga shatin babban yatsa ya bushe cikin gam. Baba ya ce zai bi ɓawon da launin ƙasa-ƙasa, shatin yatsan kuwa ya zagaye shi ya bar shi.

Nan Malam ya tashi. Wai kimiyya ta wuce nan, yanzu an gano dainoso gashi gare su irin na tsuntsaye, wanda ya zana wannan roba tsohon yayi ne. A goge ɓawon nan kaf, har da dattin gam ɗin, a manna gashi.

"Malam, wanga abu ba naka ne ba," in ji Baba. "Ka zana mai gashin ga kwali ka aje kusa da shi, yara su ga duka biyu."

Shawara mai kyau, ko? Malam ya ce shi bai zo neman lacca wurin mai rubuta "Ana Sayar Da Ƙanƙara" ba. Kwana biyu Baba yana lallashinsa, har ya gaji ya miƙa masa kayansa, ya ce hannunsa ba ya ciki.

Bawan Allah nan ya sayi samfefa, ya zauna ya goge jikin robar sumul. Ya aika ƙauyen Kurgu aka figo masa gashin zabo, ya manna tun daga wuya har wutsiya. Abin ya fito ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Shi kam daɗi ya cika shi.

Ranar baje-koli, alƙaliyar gasar, Dakta Bashira, ta daɗe tsaye a gaban teburinsa. Ta yi masa bayani a hankali cewa gaskiya ne wasu dainoso suna da gashi, musamman waɗanda suke kusa da tsuntsaye. Amma wannan mai ƙaho uku an samu shatin fatarsa a jikin dutse, kuma ɓawo ne da shi. Wato wanda ya zana robar shi ne a kan daidai. Ɗalibansa suka sunkuyar da kai.

Faɗuwa a gasa ba ta dame shi kamar tafiyar da ke gabansa ba. Ya ciccire gashin, ya naɗe robar a leda, ya hau kabu-kabu zuwa shagon Madam, yana ta shirya kalmomin ban haƙuri.

Madam ba ta tambayi launi ba, ba ta tambayi gasa ba. Ta juya robar ta kai yatsanta kan gadon baya, ta shafa, ta sake shafawa. Wurin santsi kamar faranti.

"Malam, ina yatsan mijina?" ta ce a hankali. "Kullum da safe a nan nake ɗora nawa kafin in buɗe shago."

Malam Sufyan, mai amsar kowace tambaya, ya tsaya da leda a hannu yana kallon wurin da ya goge.

Darasi: Karanta layi biyu ba shi ne ilimi ba, kuma ko ilimin gaske ne bai ba ka ikon sauya amanar da aka ba ka ba. Kafin ka goge abin da kake gani aibi ne, tambayi mai shi. Ku tura wa wani mai saurin cewa "na sani", ko Allah zai sa ya tsaya ya saurara.