Ranar da Baki Goma Ya Sa Kawunsa a Rediyo

A zamanin da rediyo ɗaya ke tara unguwa guda, an yi wani ɗan wasan barkwanci da ake kira Baki Goma, don babu muryar da ba ya iya kwaikwaya. Baiwa kam Allah ya ba shi, sai dai ya haɗa ta da lalaci da ji da kai. Kowace Asabar da yamma yana gabatar da shirin "Ga Mutuminku", inda yake ɗauko hali guda ya yi masa tonon silili: wannan mako marowaci, na gaba ma'aikacin da ba a taɓa samunsa a kujerarsa.

Shirin yana da ƙa'ida, wadda shugabar sashensu ta gaji da nanatawa.

"Kada ka ɗauko mutum ɗaya sukutum," in ji ta. "Ari tarin wannan, ari furucin wancan, ka ɗora wa sana'ar wani. Kowa ya yi dariya, ba a nuna kowa da yatsa ba."

"Ranki ya daɗe, ni za a koya wa aikina?"

Wani mako gogan naka ya ɓata kwanakinsa a majalisar hira, har ranar ɗaukar shiri ta zo bai tanadi komai ba. Ya zauna gaban makirufo, jar fitila ta kama, kansa fayau. Wanda ya faɗo masa a rai shi ne kawunsa mai gyaran agogo, mutumin da ya riƙe shi tun yana maraya. Kawu yana da wata al'ada: in an kawo agogo sai ya yi gyaran murya, ya manna gilashi a ido, ya buɗe bayan agogon, ya ja tsaki ya ce, "Wane mugu ne ya taɓa wannan kafin ni?"

Haka Baki Goma ya kwashe shi kaf, har da tsakin. Abin haushi, bai tsaya nan ba. Ya ƙara da cewa mugun da ake nema ai shi ne mai gyaran da kansa, don shi ya taɓa agogon a makon jiya. Mai kula da na'ura ya yi dariya har da hawaye.

"Wannan wane ne?" shugabar ta tambaya.

"Haɗe-haɗe ne kawai," ya ce, ko kunya babu.

Ya kuwa sani sarai cewa duk Asabar Kawu yakan goge rediyonsa, ya ɗora a benci a ƙofar shago, ya kira tela da mai aski da sauran maƙwabta yana cewa, "Ku zo ku ji ɗana." Ran nan ma haka ya yi. Aka fara dariya, ana jin tsakin nan sai kowa ya juyo yana kallonsa. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗauki rediyonsa ya shige ciki.

Matar Baki Goma ce ta kawo masa labari, ranta a ɓace.

"Maigida, duk mutanen duniya ka rasa wanda za ka yi wa haka sai Kawu? Ko kasuwa ya shiga sai an bi shi da 'wane mugu ne'."

"Wasa ne fa. Kawu ya san wasa."

Sai da ta matsa masa ya je shagon. Ya tarar da Kawu zai buɗe wani agogo. Ya gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Tsohon ya manna gilashi, ya buɗe agogon, ya duƙufa. Babu gyaran murya, babu tsaki. Rediyon kuwa yana can saman kanta, an lulluɓe shi da tsumma.

Baki Goma ya ce, "Kawu, na ji ka shiru yau."

"Tsoron yin tari nake, kada in ji shi ranar Asabar." Kawu ya nuna saman kantar ba tare da ya ɗago ba. "Ɗauki rediyon can ka kai wa mai bukata. Ni na riga na ji ɗana."

Ya ba da haƙuri, Kawu ya ce ya yafe. Amma har tsohon ya bar duniya, Baki Goma bai sake jin ya saki jiki ya yi magana a gabansa ba.

Darasin a fili yake. Ƙa'idar aiki ba don takura aka kafa ta ba, wani take karewa, kuma malalaci in ya rasa abin taɓawa, na kusa da shi yake fara cutarwa. Hali ake yi wa dariya don a gyara, ba mutum ba. Magana zarar bunu ce: kafin ka sa jama'a dariya, duba wanda zai zauna a tsakiyarsu kansa a sunkuye.