Matar Gonar Inabin da Mukhtaru Ya Raina

Akwai wani mutum a unguwar Aziziyya ta Makka mai suna Mukhtaru. Kakanninsa daga Sakkwato suka zo, amma shi a Makka aka haife shi. Yana da gidaje biyu da yake saukar da alhazai. Mutum ne mai tsare salla, sai dai yana da hali guda: duk wanda bai yi kama da shi ba, kallon ƙazanta yake yi masa.

Bayan aikin Hajjin 2016, ya ce zai kai mahaifinsa, Malam Jibril, ya sha iska a Fotugal. Tsohon yana fama da ciwon suga, kullum sai an yi masa allura. Kausar, ƙanwar Mukhtaru, ta ce tafiyar ta yi wa Baba nisa. Ya ce ta bar masa komai.

Kwana uku suka yi a birnin Porto. Malam Jibril ya ji daɗin zama bakin kogi yana kallon tsohuwar gadar ƙarfe da gidajen da suka hau juna a kan tudu. A rana ta huɗu suka ɗauki motar haya suka bi kogin zuwa cikin duwatsu, inda gonakin inabin da ake yin giya da shi suke hawa-hawa.

Da hantsi aka yi wa tsohon allurarsa. Azahar ta yi, ya ce yunwa yake ji. Duk gidan abincin da suka tsaya, Mukhtaru na hango kwalaben giya sai ya ja mota. Ya ce su daure su koma Porto, inda ya san mai abincin halal.

Sun tsaya ɗaukar hoto kusa da wata gona, sai ga wata dattijuwa cikin masu tsinkar inabi ta miƙo wa Malam Jibril nonon inabi guda tana murmushi. Mukhtaru ya tare hannunta. Ya ce da Hausa, yana kallon idonta, ba sa cin abin hannun masu haɗa giya. Ba ta ji yaren ba, amma ta fahimci fuskar. Ta juya ta koma aikinta.

Ba su yi nisa ba tsohon ya fara gumi, hannunsa na rawa, maganarsa ta sarƙe.

"Mukhtaru," ya ce da ƙyar, "kada ka bar ni a ƙasar nan."

Daga nan kansa ya langaɓe.

Mukhtaru ya ruɗe. Ya yi ƙoƙarin juya motar a siririyar hanyar, ƙafar baya ta faɗa rami. Ya ciro waya, babu sabis. Ya zazzage jaka, ko dabino ɗaya babu. Ya girgiza mahaifinsa, ya kira shi da Hausa, ya kira da Larabci, shiru. Ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu, babu motar da ta biyo.

Sai ya bar takalmansa ya ruga a guje ya koma gonar. Ya zube gaban matar nan, numfashi na sarƙe shi, ya rasa da wane yare zai roƙe ta. Ya nuna hanya, ya nuna ƙirjinsa, yana ta cewa "Baba, Baba."

Ba ta tsaya tambaya ba. Ta ƙwala wa maza biyu kira, ta shiga rumfa ta fito da kwalbar zuma, suka hau tsohuwar a-kori-kurar gonar. Da suka isa ta ga allurar suga a kujerar motar hayar, ta gane sugansa ne ya sauka. Ta kwantar da tsohon ta gefe, ta shafa masa zuma a dasashi da yatsanta. Mazan suka ɗauke shi suka shimfiɗa tsakanin kwandunan inabi, ita ta ja motar har asibitin garin da ke ƙasan dutsen.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai wani labarin. Kafin Mukhtaru ya fito daga ɗakin, matar ta koma gona, don aiki na jiran ta.

Bayan mako guda suka dawo Makka. Ranar Juma'a Mukhtaru ya tura mahaifinsa a keke suka yi ɗawafi. Da suka gama, Malam Jibril ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya waiwayo.

"Matar nan, mene ne sunanta? Ina so in roƙa mata alheri da shiriya."

Mukhtaru ya sunkuyar da kai. Bai taɓa tambaya ba.

Tsohon ya juya ga Ka'aba ya ce, "Allah, Kai ka san ta."

Darasi: Ka guji haram iyakar ƙarfinka, amma kada ka mayar da tsoron Allah hujjar wulaƙanta mutane. Za ka iya ƙin abu cikin ladabi, kuma ba ka san ta hannun wanda Allah zai kawo maka ɗauki ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.