Almakashin Malam Ilu

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekaru da dama da suka wuce, tun kafin wayar nan ta zo ta sunkuyar da kawunanmu. Wani bawan Allah ne ana ce masa Malam Ilu. Ba malamin allo ba ne, ba attajiri ba ne, ko liman bai taɓa sanin sunansa ba sai dai fuska. Aikinsa tsara shafi a wata mujalla ta kiɗa da waƙa. Na ga Alhaji can baya ya ɗaga gira. Kwantar da hankalinka, Alhaji, malam bai koma tallar kalangu ba. Ku dai saurara ku ji inda zancen zai sauka.

A wancan zamani babu kwamfuta. Marubuci zai kawo rubutu, mai hoto ya kawo hoto, sai a zube wa Malam Ilu a kan tebur. Shi kuma da almakashi da reza da rula da kwalbar gam, ga fensir maƙale a kunne, zai yanka nan ya liƙa can, ya ce kanun labari ya zauna a sama, hoto ya zauna a nan, rubutu ya gangaro ta ƙasa, har shafi ya yi kyan gani. In mujalla ta fito, a yabi mawaƙi, a yabi marubuci, a yabi mai hoto. Shekara goma yana wannan aiki, sunansa bai taɓa hawa takarda ba. A unguwa ma mai yankan takarda ake ce masa. Matarsa Hanne kuwa abin yana ci mata rai, domin in mata suka tambaye ta aikin mijinta, sai ta rasa abin da za ta nuna.

To, sai mujallar ta cika shekara goma. Editan, wani mutum mai saurin magana da ake kira Lawandi, ya ce za a yi fitowa ta musamman. Shafi biyu na tsakiya za a ba wani shahararren mawaƙi na lokacin, hoto ɗaya ƙato ya shimfiɗe daga hagu har dama. Ya kira Malam Ilu ya ce, "Malam Ilu, ka daɗe kana yi mana wahala. Wannan karon a gefen dama ka bar siririn fili, ka sa ɗan hotonka da sunanka. Ka rubuta da kanka, yadda kake so."

Wallahi ya ji daɗi. Kada ku ɗauka mutumin kirki ba ya son yabo, shi ma ɗan adam ne. Ya koma gida ya gaya wa Hanne, ita kuwa kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba.

Ranar ɗaukar hoto suka tafi gidan mawaƙin da hantsi, shi da mai hoton mujallar, Ishaya. Aka jera jama'a a tsakar gida: 'yan amshi, makaɗa, ga mawaƙi ya sha babbar riga. Ku lura da wannan, domin a nan maganar take. A wurinmu, tsakiya wurin girma ne. A mujalla kuwa tsakiya rami ce, domin nan ake ninke takarda, nan kuma ake buga fil, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe shafuka. Duk wanda fuskarsa ta faɗa tsakiya, ninki zai haɗiye rabi, fil ya soke sauran. Ishaya ya san haka, shi ya sa ya matsar da mawaƙi ɗan gefen dama. Sai tsakiya ta zama babu kowa. Ya waiwaya ya ga wani dattijo can baya rataye da kalangu, ya ce, "Baba, zo ka tsaya nan."

Baba Cindo ake ce wa dattijon. Ya taho yana gyara hula, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya ce, "Ikon Allah! Shekara talatin ina bayan mutumin nan, yau ga ni a tsakiya."

Da aka gama, Malam Ilu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sunayensu, abin da ba wanda ya sa shi. Da ya zo kan Baba Cindo, dattijon ya kama masa hannun riga ya ja shi gefe.

"Ɗana, abin nan da za ku buga, yana zuwa kurmi?"

Ya ce, "Yana zuwa, Baba. Har tashoshin mota na can ana sayarwa."

"To, za a ga fuskata sosai?"

"Me ya sa, Baba?"

Ya ce, "Ina da 'ya guda ɗaya, Tasalla. Mijinta ɗan kasuwa ne, ya tafi da ita kurmi. Mu kuma muka bar garinmu na da, muka biyo maigida nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ban san inda take ba, ba ta san inda nake ba. Ban taɓa yin hoto ba sai yau. Na ce ko Allah Zai sa ta gani, ta san tsohonta yana raye."

Malam Ilu ya ce, "In Allah Ya yarda za a ga fuskarka, Baba." Ya faɗa ne da zuciya ɗaya, domin a lokacin hankalinsa bai kai ga maganar ninki ba. Ku kuma kun san alkawari kaya ne.

Aka wanko hoto, ya yi kyau ƙwarai. Malam Ilu ya zauna ya tsara shafukan nan biyu kamar mai yi wa amarya jere. Kanun labari a sama da manyan baƙaƙe, rubutu layi uku a ƙasa, a gefen dama kuma ga siririn filin nan, faɗin yatsa biyu, ɗauke da ɗan hotonsa da sunansa. Sau uku yana sake rubuta sunan kafin ya yi masa. Motar maɗaba'a za ta zo da la'asar ta kwashi aiki. Bayan azahar sai ya yi abin da ya saba yi a ƙarshe, ya ninke gwajin shafin biyu don ya ga yadda zai zauna a hannun mai karatu. Yana buɗewa sai ya ga ɓarna. Ninki ya raba fuskar Baba Cindo gida biyu, inda fil zai shiga kuwa daidai kan karan hancinsa.

Ya ɗauki rula ya auna. In ya ja hoton hagu, mawaƙi ne zai faɗa ramin, wannan kuwa ko a mafarki ba za a yarda ba. In ya rage girman hoton, sai an sake wankewa, babu lokaci. Hanya ɗaya ta rage, ya ja hoton dama, ninki ya sauka a kan bangon da ke tsakanin Baba Cindo da na kusa da shi. Ya sake aunawa. Abin da ake bukata faɗin yatsa biyu ne, ba ƙari ba ragi. Daidai faɗin filin da sunansa yake.

Ya je ya sami Lawandi ya nuna masa. Lawandi ya kalla ya yi dariya.

"Haba Malam Ilu! Mutum nawa fil ya ci a mujallar nan tun da muka fara? Wa ya taɓa zuwa ƙorafi? Mutane maigidan za su kalla, ba mai kalangu ba."

"Ranka ya daɗe, na yi masa alkawari."

"Alkawarin me? Shi ya san wani abu ninki? In ya gani zai ce haka injin yake yi. Ka bar shafin nan yadda yake, ya yi kyau. Irin wannan fitowa sai bayan wata shekara goman, in muna raye."

Jama'a, gaskiya Lawandi ya faɗa. Babu wanda zai sani. Baba Cindo ba zai zarge shi ba, Ishaya ba zai yi magana ba. Ga Hanne can ta gaya wa duk unguwa. Malam Ilu ya koma teburinsa ya zauna, ya kalli sunansa, ya kalli fuskar dattijo. Zuciya ta ce masa, shekara goma fa. Ta ce masa, haƙƙinka ne, ba sata ka yi ba. Shi kuwa abin da ke dawo masa a kunne, muryar tsohon nan ce yana cewa ko Allah Zai sa ta gani.

Ya ce Bismillah, ya sa almakashi. Ya yanke siririn filin nan daga sama har ƙasa, ya ɓanɓare hoton a hankali da reza, ya ja shi dama, ya liƙe. A ƙarƙashin hoton ya jera sunayen makaɗa da ƙananan baƙaƙe, har da sunan garin da suke zaune. Ya ninke ya buɗe, ga Baba Cindo fes, da hularsa da murmushinsa. Ɗan yankin da ke ɗauke da sunansa kuwa ya ninke ya jefa aljihu. Lawandi ya zo ya gani, ya girgiza kai ya ce, "Kai ka sani," mota ta zo ta tafi da aiki.

Ranar da mujalla ta fito, Hanne ta buɗe tsakiya a gaban maƙwabta ta duba sama ta duba ƙasa. Ta ji kunya ƙwarai. Da ya dawo ta ce, "Malam, ina sunan?" Ya zaro ɗan yankin daga aljihu ya miƙa mata, ya ba ta labari. Ta ce, "Saboda mai kalangun da ko danginka bai sani ba ka mai da ni maƙaryaciya a unguwa?" Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hanne. Ba zan iya kallon shafin ba da ƙarfe a fuskarsa." Kwana uku tana ajiye masa tuwo ba magana, shi ma ɗin ba wai bai ji zafin abin ba ne.

Aka yi shekara uku, zancen ya wuce. Wata rana da safe sai ga sallama a ƙofar gida. Ishaya ne tare da wata mace, ta rungumo wani abu naɗe a zane. Aka shimfiɗa tabarma. Ta kwance zanen, sai ga shafukan nan biyu, sun yi laushi don yawan taɓawa.

Ta ce, "Malam, ni ce Tasalla, 'yar Cindo mai kalangu. Ƙanen mijina ya sayi wannan a tasha don hoton mawaƙin. Ina shara na ga ta a kan benci, na buɗe, sai ga Baba yana kallona. Na ce a karanta min abin da ke ƙasa, aka karanta sunansa da garin. Washegari na hau mota."

Malam Ilu ya ce, "Alhamdu lillahi. Yaya Baban?"

Ta ce, "Allah Ya yi masa rasuwa watan jiya. Amma shekara biyu da rabi ina tare da shi. Ya ga jikokinsa, ni na yi jinyarsa, a hannuna ya cika." Ta share ido da bakin mayafi. "Abin da ya kawo ni, kullum in ya idar da sallar asuba sai na ji yana cewa, ya Allah, mutumin nan mai fensir a kunne, ban san sunansa ba, Kai Ka san shi, Ka yi masa abin da ya yi min. Ko rana ɗaya bai fasa ba. Na duba takardar nan kaf, sunan mai hoto kaɗai na samu, shi na nema."

Ishaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gaya mata gaskiya, Malam Ilu. Ni na tsayar da tsohon a bakin rami, kai ka fitar da shi. Na gaya mata da abin da ka biya."

Hanne tana bakin ƙofar ɗaki tana ji. Sai ta shiga ta buɗe kwalla, ta ɗauko ɗan yankin nan, ashe duk shekarun nan tana ajiye da shi. Ta kawo ta ɗora a gefen shafin, daidai inda da sunan zai fito. Hawaye ya zubo mata. Da ƙyar ta ce, "Malam, ka yafe min. Ni unguwa nake so ta san sunanka." Malam Ilu ya shiga godiya ga Allah, yana maimaitawa, yana maimaitawa.

To jama'a, kun ji. Faɗin yatsa biyu ya bayar. Da shi Allah Ya haɗa uba da 'ya, da shi kuma aka yi ta kai maganarsa gaban Ubangiji kowace asuba, sama da shekara biyu, daga bakin da bai ma san yadda ake kiransa ba. Mujallar nan ta daɗe da rufewa, takardunta an ƙulle ƙosai da su. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yanzu ni da ku. Kowannenmu yana da shafin da yake tsarawa. Kai tela, kai magini, ke malamar asibiti, kai da kake rubuta sunayen waɗanda za a gode wa a taro, akwai wani ƙaramin mutum da ya faɗa ninki a hannunka, kuma ba wanda zai sani in ka bar shi a can. Ka duba tsakiya kafin ka miƙa aiki. In ka yi alkawari ga wanda ba zai iya bin ka ba, wannan shi ya fi cancanta ka cika. In kuma sai ka matsa kafin ɗan'uwanka ya fito, to ka matsa, kada ka ji tsoron sunanka zai ɓata. Wanda kake yi dominSa ba Ya bukatar a rubuta Masa. Allah Ya sa mu cikin masu cika alkawari, Ya ba mu masu yi mana addu'a a inda ba ma ji. Ku ce amin.