Kurege da Matakan Rijiya

To, a matso kusa, a daina ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Gwaggo!

Wata shekara rani ya yi tsawo, tafki ya ƙafe, sai namun daji suka kira gayyar haƙa rijiya. Giwa ce uwar gayya, Kura ke jan igiyar guga. Duk wanda ya sauka sai ya sassaƙa matakai a jikin bango, wurin sa ƙafa a hau a sauka. Kuma wanda ke ƙasa shi ake zura wa fura da gyaɗa a cikin guga.

Shi kuwa Kurege, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa gama wani aiki ba. Amma da ya ji zancen gyaɗa, sai ya miƙe ya bugi ƙirji.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, yau ni zan sauka."

Giwa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Kai?"

"Ni ɗin nan."

Ya sauka. Ya taɓa gindin rijiya, ya ji tauri kamar dutse, ya ce a'a, wannan ba aikin mai hankali ba ne. Ya taɓa matakan bango, ya ji laushi. Sai ya lallaɓa sama, ya riƙa kankare matakan yana saukowa, ƙasa na zuba, yana cika guga. Guga ya hau da ƙasa, ya sauko da gyaɗa. Ya hau da ƙasa, ya sauko da fura. Gogan naku ya ci, ya sha, har da gyatsa.

Can da yamma Kura ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙasa dai tana fitowa, amma igiya ba ta ƙara shiga ba ko taƙi."

Giwa ta leƙa, ta ga bango sumul. Ranta ya ɓaci. Ta ce, "A janye igiya. Ya fito ta matakai kamar kowa."

Aka naɗe igiya aka watse.

Kurege ya ɗaga kai, ya hango sama ƙarama kamar faifai. Nan fa tsoro ya kama shi, don ya san in bai fita ba, ƙishirwa ce ajalinsa. Ya yi tsalle, ya faɗo. Ya ja baya ya sake tsalle, ya faɗo. Ya yi kuka, ya yi rantsuwa, ya kira Giwa da duk kirarin da ya sani, ko tsuntsu bai amsa ba.

Da gari ya waye, ya dubi bango, ya dubi faratansa. Ya ce, "Wallahi ba a nan za a binne ni ba."

Ya tona ɗan gurbi, ya sa ƙafa. Ya tona wani a sama, ya sa ƙafa. Tona ɗaya, taka ɗaya. Faratansa suka fashe, bai tsaya ba. Ya zame ya dawo ƙasa, ya tofa miyau a hannu ya sake farawa. Zuciya ta ce masa ya gwada tsalle ko sau ɗaya, ya ce mata, "Ke ce kika jefa ni nan, rufe mini baki." Tona ɗaya, taka ɗaya, har iska ta fara taɓa masa kunne.

Yana ɗaga kai, sai ga Kura kwance a bakin rijiya, miyau na ɗiga.

Ta ce, "Sannu da aiki, ƙanena. Ƙaraso in kama ka."

Ya ce, "Na gode, Yaya. Amma dubi yadda na rame, abin kunya ne a gan ni haka. Akwai sauran gyaɗa a ƙasa, bari in koma in cinye in murmure. Ki dai zuba ido, kada ki matsa."

Kura ta lashe baki ta ce, "Ci a hankali, kada ka ƙware."

Kurege ya sauka kaɗan, ya juya faratansa gefe. Da can da tuni ya gaji, amma yanzu hannu ya saba. Ya yi ta tono, ya yi ta tono, har ya ɓullo a bayan Kura. Ya same ta ta zura kai da kafaɗu cikin rijiya, gindi a sama. Ya matso daidai jelarta, ya cika ƙirji da iska, ya ƙwala ihu, "Ga maharba!"

Kura ta zabura, ƙafa ta goce, sai ji kake tim!

Ta yi tsalle, ta faɗo. Ta sake tsalle, ta faɗo. Ta ce, "Kurege, don girman Allah, ina matakai?"

Ya leƙo yana kaɗe ƙura daga jelarsa, ya ce, "Suna nan, Yaya, sai dai daidai ƙafata na yi su. Ki tona ɗaya, ki taka ɗaya. Ni ma haka na fito."

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa! Mai son hawa sama ya bi a sannu, taki bayan taki. In ya kusa kaiwa kuma, ya duba wa ke kwance a bakin rijiyar.