Kwalbar da Ba a Sa wa Magani Ba

Akwai wata mai binciken jini da kowa a ɗakin gwaji ke kira Dakta. Shekara uku tana fama da magani guda.

A jikin jajayen ƙwayoyin jini akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin gishiri, kuloraid, ke bi ya shiga ya fita. Burinta ta toshe su da maganin, ko ƙwayoyin masu sikila za su daina bushewa. 'Yarta ma sikila gare ta.

Ranar da za ta fuskanci kwamitin da ke ba da izinin gwajin magani, sakamako ya fito tas: ƙofofin sun rufe ruf! Saura awa ɗaya, tsohon da ke haɗa mata kwalaben gwaji ya matso.

"Ranki ya daɗe, kwalbar da ba mu sa wa magani ba, ita ma haka ta nuna. Ina jin na'urar awon ce ta samu matsala."

Ta daka masa tsawa. "Baba, wankin kwalba aka ɗauke ka ko karatu?"

Ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarki. Amma ki duba."

Ta duba. Gaskiyarsa ce.

Ta tsaya bakin ƙofar taro, takardu a hannunta. In ta yi shiru, babu mai sani, kuma za a ba ta izinin gwada maganin a kan yara. In ta yi magana, wahalar shekara uku na iya bin ruwa.

Da shugaban kwamiti ya ce, "Muna saurarenki," sai ta ce:

"Ranka ya daɗe, sakamakon nan ba abin dogaro ba ne. Na'urarmu ta lalace, kuma ba ni na gano ba, Baba ne."

Can shugaban ya cire tabarau. "Wata uku. Ki sake."

Da aka gyara na'urar, sai ga shi maganin rabin ƙofofin kawai yake rufewa, kuma in an ƙara shi, ƙwayoyin fashewa suke.

Dakta ta tuna da yaran da aka kusa gwada maganin a kansu. Ta nemi tsohon, ta durƙusa masa a gaban ma'aikata.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, 'yata," in ji shi, "kada ki sa a ce na tsufa."

Darasi: Kada ka raina mai faɗa maka gaskiya don ƙanƙantar matsayinsa, kuma kunyar yau ta fi nadamar gobe sauƙi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.