Mai Ba da Waƙa da Ɗanyen Ƙwai

Akwai wani mai kiwon kaji, shi ne kuma mai ba da waƙa a ikkilisiyarsu. Murya kam Allah ya ba shi, sai dai akwai taurin kai. Duk sa'ad da babbar sujada ta gabato, sai ya fasa ɗanyen ƙwai ya kwankwaɗe, wai yana gyara maƙogwaro.

Ƙanwarsa Lai'atu, ma'aikaciyar asibiti, ta ce masa, "Yaya, ka riƙa dafawa mana. Akwai ƙwayar cuta mai suna Salmonela, takan ɓuya a cikin ƙwai."

Ya kwashe da dariya. "Abin da ido ba ya gani? Ai sojojin jikina za su yi kalaci da ita."

Ana jibi sujadar godiyar girbi, wadda ya yi wata uku yana shirya wa waƙa, ya shanye ɗanyen ƙwai har guda uku. Ran Lahadi ganguna na tashi a majami'a, shi kuwa yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, ga zazzaɓi. Da ya jiyo wani yana ba da waƙarsa, sai da ya yi ƙwalla.

Lai'atu ta kawo masa ruwan gishiri da sukari, tana danne dariya. "Yaya, ina sojojin?"

"Ni ma su nake nema!"

Ta ce, "Sun yi aikinsu. Sun haɗiye ƙwayar cutar, sun watsa mata guba. Amma ita da kayan aikinta take tafe, wasu sinadarai masu kashe kaifin gubar. Sai ta miƙe ƙafa a cikin sojan, ta yi ta hayayyafa."

Bayan mako guda ya warke. Da aka dafa masa ƙwai, muryar ba ta ragu da komai ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Ƙwayar nan ita ce ƙaramin zunubin da muke renawa, sojan kuwa lamirinmu ne. Zunubi ba ya zuwa hannu rabbana. Yana tafe da "sau ɗaya ne kawai" da "ai kowa yana yi", da su yake kashe kaifin lamiri, ya zauna daram a cikinsa. Saboda haka in akwai abin da yake damun zuciyarka bara, bana kuma kana yinsa hankali kwance, kada ka ce ka girma. Ka durƙusa yau, ka roƙi Ubangiji ya binciki zuciyarka.